Wai sai na mallaki PS kafin in zama ɗan gem na gaske?

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a.

Ni matashi ne, shekarata 20, ina koyon ɗinki a wani shago a Gusau. Tun ina ƙaramar sakandare nake buga gem, kuma duk abin da na iya a waya na koye shi, musamman eFootball na ƙwallo da Free Fire na harbe-harbe. Ba yabon kai ba, a unguwarmu da wuya ka samu wanda zai ci ni ƙwallo in dai a waya ne.

Damuwata wani abokina ne da muka tashi tare tun makarantar allo. Bara yayansa ya aiko masa da na'urar gem ta PlayStation, wato PS5, tun daga nan ya canza mini. Sun buɗe guruf na 'yan gem a WhatsApp, shi da kansa ya saka ni, amma da na yi magana sai ya ce in yi shiru manya na magana, wai mai latsa waya ba ɗan gem ba ne, ɗan kashe lokaci ne. Rannan a majalisa, a gaban mutane, ya ce wai ni da yayata mai buga Candy Crush duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Aka yi ta dariya. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don ni ba irin masu Candy Crush ba ne. Nakan kai ƙarfe biyu na dare ina atisaye, har maigidana ya fara yi mini faɗan makara.

Ƙarshen watan nan ni ne da kwasar adashe. Da niyyata in sayi keken ɗinki nawa na kaina, amma yanzu zuciyata na raya mini in sayi PS4 na hannu ko na huta da gori. Don Allah Yaya, wane ne ɗan gem na gaske? Ni ina ciki ko ba na ciki? Kuma me ka ga ya dace in yi?

Ƙaninka daga Gusau.

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Allah ya sanya albarka a sana'a.

Tunda wata ya kusa ƙarewa, bari in fara da abin da ba ya jira: kuɗin adashen nan na keke ne, ka bar su a na keke. Ba wai don na raina gem ba, ni ma na buga, har gobe in na samu sarari ina taɓawa. Dalilina shi ne abin da kake so shi ne a daina yi maka dariya a majalisa, PS4 kuwa ba za ta iya yi maka wannan aikin ba.

Ka ƙaddara ka saya. Na'ura ce da kamfanin Sony ya fitar a 2013, ita kuwa ta abokinka ta fito a ƙarshen 2020. Ranar da ka kai labari majalisa kana murna, abin da za ka ji shi ne, "Au, tsohon yayi ka kwaso?" Kuɗinka sun tafi, gori yana nan daram. Kuma wani abin da ƙila ba ka sani ba, shi kansa abokin naka akwai inda zai shiga a yi masa abin da yake yi maka. Masu buga gem a kwamfuta, waɗanda ke sayo kayan ciki ɗaya bayan ɗaya su harhaɗa injinsu da hannunsu, kallon yara suke yi wa masu PS. A cikin masu PS ɗin ma, wanda ba ya buga komai sai ƙwallo, kamar yadda nake kyautata zaton abokinka yake, da sunan da ya jefe ka da shi ake kiransa: ɗan kashe lokaci. Su kuma masu wasannin da aka sani da azabar wahala, irin su Dark Souls da Elden Ring, ba wanda suke gani da gashi. Kowa ka tambaya, iyakar da yake shatawa tana wucewa ne daidai bayan dugaduginsa, yadda shi zai kasance a ciki, na bayansa a waje. Babu wata hukuma a duniya da ke ba da takardar shaidar zama ɗan gem, babu jarrabawa, babu mai duba ta.

Wannan rigima ba a Gusau ta fara ba. A 2015 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta tambayi manyan mutanen ƙasar, ta samu kashi 49 cikin 100 suna buga gem, ko a kwamfuta, ko a na'ura, ko a waya. Amma da aka tambaye su ko suna ɗaukar kansu 'yan gem, kashi 10 kacal suka amsa. Maza da mata kusan kunnen doki suka yi wajen bugawa, kashi 50 da kashi 48, sai dai wajen karɓar sunan maza kashi 15 ne, mata kashi 6. Wato akasarin masu bugawa suna tsaye ne a wajen sunan, saboda an sa musu a rai cewa ba nasu ba ne. Wa ya sa musu? Wani ɓangare aikin irin abokinka ne. Wani ɓangaren kuma, a ganina, aikin 'yan kasuwa ne. Mai sayar da kujera ta musamman, da hedfon mai fitilu, da waya mai tsada da aka ce ta 'yan gem ce, ba abin da ya fi masa riba kamar matashi ya ji cewa bai cika ba sai ya saya. Zuciyar da ke raya maka ka karkatar da kuɗin keke, wannan tallan ne ya iso gare ka ta bakin aboki.

Ita kuwa wayar da ake raina ka a kanta, kusan rabin kuɗin da harkar gem ke samarwa a duniya daga gare ta suke fitowa, fiye da abin da na'urorin gem ke kawowa, fiye da na kwamfuta. Free Fire ɗin da kake bugawa, da aka yi gasarta ta duniya a Singafo a 2021, mutum sama da miliyan 5 ne suka kalli wasan ƙarshe a lokaci guda, adadin da ya kafa tarihi a wancan lokacin. A wasannin nahiyar Asiya da aka yi a birnin Hangzhou na Sin a 2023, an raba lambobin zinare na gaske a kan gem, kuma cikin wasannin akwai na waya, har da wani nau'i na PUBG. Ga kuma wanda ya fi shafarka: a Disambar 2024 hukumar FIFA da kanta ta shirya gasar cin kofin duniya ta eFootball a Riyad, ta raba ta gida biyu, na masu na'ura da na masu waya. Indonesiya ta ɗauki na na'ura, wani ɗan Malesiya ya ɗauki na waya. To in FIFA ta yarda ta miƙa wa mai latsa waya kofin duniya, ban ga dalilin da zai sa hukuncin wani guruf na WhatsApp ya hana ka barci ba.

Amma kada in yi maka daɗin baki. Akwai gaskiya a wani ɓangare na maganar abokinka, ko da yake bai faɗe ta don Allah ba. Akwai manyan wasanni masu dogon labari da faɗin duniya waɗanda ba za ka same su a wayarka ba, kuma wanda bai taɓa su ba akwai daɗin da bai ɗanɗana ba. Hannun gem yana ba da iko a kan ɗan wasa fiye da yadda gilashin waya ke bayarwa. Sannan ba daidai ba ne a ce duk wanda ya taɓa buɗe gem sau ɗaya a layin banki ɗaya suke da wanda ya shekara yana nazarinsa. Bambanci yana nan. Inda na saɓa da shi shi ne wurin da ya ajiye bambancin. Shi ya ajiye shi a kan abin da mutum ya mallaka, ni kuma a kan abin da mutum ya sani da yadda yake bugawa.

Na faɗi haka ne saboda abin da idona ya gani. A zamaninmu na PS2 da Winning Eleven, a duk unguwa da wuya ka ƙirga gida biyu masu na'ura. Gidan gem ake zuwa. Ɗan shago ne mai zafi, da benci biyu, da talabijin mai ƙusumbi a kan tebur, ƙaramin janareto na kuka a bakin ƙofa. Hannun gem ɗin an naɗe shi da salatif, robar sandar ta cinye har sai ta ci maka babban yatsa. Wani faifan ma rubutunsa duk Japananci ne, ba mai iya karanta ko harafi ɗaya, amma kowa ya haddace sau nawa zai danna ƙasa kafin ya kai wurin canza 'yan wasa. Kowa ya san a ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudu da ƙarfin shot, daga baya kuma aka shiga zamanin Adriano, wanda in ya saki ƙwallo da hagu sai dai gola ya ɗauko ta a raga. Doka ɗaya ce: wanda aka ci shi ke biya, ya tashi ya ba na gaba wuri. A irin wannan shagon, wanda ya fi kowa iyawa sau da yawa yaron da ke karɓar kuɗi ne, wanda ko rediyo bai mallaka ba. 'Ya'yan masu hali da ke da na'ura a ɗaki sukan zo da taƙama, ya zuba musu huɗu ko biyar, su biya su fita suna cewa hannun ne ba shi da kyau. Ba wanda ya taɓa tambayar yaron nan me ya ajiye a gida.

In kana ganin wannan labarin unguwa ne kawai, ka nemi tarihin Arslan Ash. Ɗan birnin Lahore ne a Pakistan, a shagunan gem na garinsu ya koyi Tekken, wasan faɗa wanda shekara da shekaru 'yan Koriya ta Kudu da 'yan Japan suka riƙe wa wuya. Kafin 2019 kaɗan ne a duniyar Tekken suka san ana wani abin kirki a Pakistan, domin 'yan wasan can ba sa samun biza cikin sauƙi, ba su da masu ɗaukar nauyi, ba a ganinsu a manyan gasa. A farkon shekarar ya sha wahalar biza da canjin jirage kafin ya isa Japan a ƙurarren lokaci, ya shiga gasar wasannin faɗa ta EVO da aka yi a can, ya cinye. Wasu suka ce sa'a ce. A watan Agusta ya je babbar EVO a Las Vegas, ya haɗu da Knee na Koriya, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanayen Tekken, ya doke shi a wasan ƙarshe. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne da ya riƙa faɗin cewa a gida akwai irinsa da yawa. Ba a jima ba sai ga manyan 'yan wasa, har da shi Knee ɗin, sun yi tattaki zuwa Pakistan don su kara da yaran shagunan nan su ƙaru. Shekarun da duniya ba ta san da su ba, su ba 'yan gem ba ne? Ko ka ɗauki Michael Begum na Amurka, wanda aka fi sani da Brolylegs, Allah ya halicce shi da lalurar da ta hana shi amfani da hannuwansa yadda kowa ke yi. Da kumatu da harshe yake sarrafa hannun gem, kuma a haka ya yi suna a gasannin Street Fighter har zuwa rasuwarsa a 2024. Duk wata ƙa'ida da aka ce sai da kaza ake zama ɗan gem, za ka samu wanda ya karya ta kuma ya fi mai ƙa'idar iyawa.

To ni da wa nake kira ɗan gem? Mutumin da wasan ya dame shi har yana son ya fahimce shi. Ka ce ba mai cin ka a unguwa. Na tabbata ba da ka hakan ta faru ba. Na san irinku: an cire wa waya riga don kada ta yi zafi, an zauna kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi, an jera maɓallan Free Fire yadda yatsa uku ko huɗu za su yi aiki lokaci ɗaya, wani har hoda yake shafa wa gilashi don yatsa ya riƙa sulɓi. Idan aka harbe ka, kana komawa ka tambayi kanka me ya sa ka fito fili ba ka kafa bangon kariya ba. Idan aka zura maka ƙwallo, ka san ko ɗan bayanka ka jawo daga wurinsa. Wannan bin diddigin shi ne abin. Sai kuma hali, wanda ni a wurina ya fi ƙwarewa nauyi: mutum ya iya shan kaye ba tare da ya kashe data ya ce sabis ne ba, kada ya sa manhajar maguɗi, kada ya zagi iyayen wanda bai taɓa gani ba don an kashe shi a wasa, in ya ga sabon shiga ya nuna masa hanya. Wanda ya mallaki na'urar miliyan amma yana korar mutane daga wasan, ɓarna yake yi wa abin da yake cewa yana so.

Kai tela ne, don haka za ka fi ni gane wannan. Akwai mai ɗinki da keken ƙafa, akwai mai babban injin lantarki. Injin ya fi sauri, akwai kuma aikin da shi kaɗai ke iya yi. Amma in mai kaya ya zo karɓar ɗinkinsa, wuyan rigar yake dubawa, da yadda aljihu ya zauna, da ko hannu ya yi daidai. Wanda ya sayi injin jiya bai iya yanka ba, ba ya zama tela don injinsa ya fi na maigidanka tsada.

Yanzu bari in ɗan ja maka kunne, don akwai layi ɗaya a wasiƙarka da ya tsaya mini. Ka ce, "ni ba irin masu Candy Crush ba ne." Ka lura da abin da ka yi? Abin da abokinka ya yi maka, shi ka juya ka yi wa yayarka. Ciwon da ka ji a majalisa rabinsa na dariyar ne, rabinsa kuma na an haɗa ka da wadda kai ma kake rainawa. Candy Crush ɗin nan tun 2012 ake buga ta, ta samar wa masu ita sama da dala biliyan 20, kuma kamfanin da ya yi ta yana cikin abin da Microsoft, mai Xbox, ya saya a 2023 a cinikin kusan dala biliyan 69. Manyan harkar ba su raina ta ba. In kuma ka ce ai wasan jera abubuwa ne kawai, to Tetris ma jera tubala ne, wani injiniya ya ƙirƙiro shi a Mosko a 1984. Amma a Disambar 2023 da wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma, Willis Gibson, ya buga tsohon Tetris na Nintendo har ya kai matakin da wasan ya daskare don ya kasa ci gaba, abin da ba a taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba, duk duniyar gem sai da ta miƙe masa. Wata tsohuwa 'yar Japan, Hamako Mori, tana da shekara 90 kundin Guinness ya sanya ta a 2020 a matsayin mafi tsufa cikin masu wallafa bidiyon gem a YouTube. Ka karɓi wayar yayarka wata rana ka gwada matakin da ta kai, ka ga ko za ka wuce shi a zama ɗaya. Muddin kana da wanda kake cewa ba ya ciki, ka amince da dokar da ake dukanka da ita.

Sai maganar ƙarfe biyun dare, wadda ka kawo a matsayin hujjar cewa kai na gaske ne. Ni ita ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙar, fiye da gorin. Yawan sa'o'i ba ya nuna komai sai yawan sa'o'i. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sanya matsalar kamuwa da gem cikin kundin cututtukanta, kuma alamomin da ta ambata uku ne: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da na dainawa, gem ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illar da ake samu. Galibi sai abin ya ɗauki kamar shekara guda yana ɓata wa mutum rayuwa kafin likita ya kira shi cuta, kuma kaɗan ne cikin masu bugawa ke kaiwa can. Ban ce ka kai ba, ni ba likita ba ne. Amma mai koyon sana'a da maigidansa ya fara yi wa faɗan makara ya taka matakin farko. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu, asuba za ta yi masa nauyi, almakashi kuma ba ya son mai gyangyaɗi. Yadin mutane ne a hannunka. Ka sa wa kanka lokacin ajiye waya, sha ɗaya ko kusa da haka, ka sa ta caji nesa da shimfiɗa. Za ka ma ga wasanka ya gyaru, don gajiyayyen ido da yatsa ba sa koyon komai bayan tsakar dare, maimaita kuskure kawai suke yi. In kuma akwai mafarkin zama ƙwararren da ke cin abinci da gem a ranka, ka riƙe wannan lissafin: a gasar duniya ta Fortnite a 2019 yaro ɗan shekara 16 ya ci dala miliyan 3, gaskiya ne, amma kimanin mutum miliyan 40 ne suka shiga zagayen share fage. Ana iya gwadawa, ba a dai jingina tukunyar gida a kai.

Ka kuma kula, irin wannan gorin yana nan a cikin wayar ma. Wanda bai sayi daimon, wato kuɗin cikin wasa, ya yi wa ɗan wasansa ado ba ana ce masa bot, wato ɗan wasan da kwamfuta ke juyawa, wanda bai zuba kuɗi ya buɗe katunan manyan 'yan ƙwallo ba ana ce ƙungiyarsa ta talakawa ce. Da gangan aka gina wasannin a haka. Akwatunan sa'a da ake saya ba a san abin da ke ciki ba, ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce caca ne. Kada ka tsira daga PS4 ka faɗa nan.

Ita PS ɗin ma ba a sayenta a huta. Tana son talabijin, tana son wuta tsayayya ko man janareto, tana son hannu na biyu in za a yi wasa da wani. Wasan ƙwallon kamfanin EA sabo ake fitarwa duk shekara, kuma yawancin wasannin da ake saya sai ka biya kuɗin rajista na wata-wata kafin ka buga da mutane ta intanet. Ta hannu kuma ba ka san wahalar da ta sha ba. Keke shi zai riƙa kawo maka kuɗi, ita kuwa kullum karɓa za ta yi. Ranar kwasar adashen ka roƙi maigidanka ya raka ka kasuwa ya zaɓar maka mai kyau, kada kuɗin su kwana a hannunka, don zuciya ba ta da ƙashi. In Allah ya buɗa, ɗinkin sallah biyu ko uku ya shigo, ka ga kana da rara kuma har yanzu ranka na son PS don daɗin wasannin da ke cikinta, ka saya, halalinka ne.

Saura abokinka. Ban san shi ba, amma zan yi hasashe: kafin PS5 ta zo, a waya kuke bugawa, kuma kai ke cin sa. In haka ne, to na'urar ta ba shi filin da a karon farko yake gabanka, shi ya sa yake ta nanata cewa wancan filin ba fili ba ne. Wannan ba ya wanke shi, amma zai rage maka zafin abin. Kada ka rama a guruf ko a majalisa, nan 'yan kallo yake da su, kuma mutum ba ya sauka daga dokin girman kai a gaban jama'a. Ka same shi shi kaɗai, bayan sallar isha'i ko a hanya, ka ce masa, "Wane, tun muna wanke allo muke tare. Wasa wasa ne, amma abin da ka yi mini rannan a gaban mutane, har ka sako yayata a ciki, bai yi mini daɗi ba." Iyakar nan, kada ka tsawaita, kada ka kawo masa tarihin FIFA da Pakistan. Sau da yawa mai irin wannan ba'ar bai san ta kai inda ta kai ba, don ƙila kai ma dariya kake yi a lokacin.

Bayan nan, in ka ga fuska, ka gayyace shi karawa, sai an gwada akan san na ƙwarai. eFootball kyauta ake sauke ta a PS5, don haka ba shi da uzuri: wasa biyu a waya, wasa biyu a na'urarsa, ba caca, ba sa kuɗi. Ka sani tun yanzu zai iya lallasa ka a hannun gem, domin yatsunka ba su saba ba. Kafin ranar ka ɗan leƙa gidan gem na unguwa da canjin da bai taka kara ya karya ba, ka saba da maɓallan. Sanin ƙwallon da kake da shi zai biyo ka, hannu ne kawai zai ɗauki lokaci. In ya ci ka, ka miƙa masa hannu ka ce ya iya, ka nemi ya nuna maka yadda ya yi. In ya ƙi karawar, kada ka matsa masa, kada kuma ka kai labari majalisa cewa ya gudu. In kuma bayan kun yi magana ya ci gaba da yarfa ka a gaban mutane, ka kashe ƙarar guruf ɗin ko ka fita ba tare da sanarwa ba, ku ci gaba da gaisawa da zumuncin unguwa, wasan kuma ka yi shi da waɗanda kuke jin daɗin juna. A Gusau kaɗai masu buga eFootball da Free Fire a waya sun ninka masu PS5 sau ba adadi, kuma da yawansu suna neman wanda zai koya musu abin da ka iya.